Buhu Biyar da Ƙofar Iska

Tchaké, 6 ga Afrilu 1985

Zuwa ga Cindo, a gareji, Tasawa.

Bayan gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da Maimuna da yara, da mahaifiyarka Safi, 'yar baffana, wadda ta manta tana da ɗan'uwa a arewa. Ni dai ƙafa tana nan yadda ka san ta tun ranar da babbar motar nan ta zame daga kan jak ta same ni. Da sanda nake zuwa masallaci. Shekara biyu ke nan da na bar maka garejin na dawo gida, takarda ɗaya tak na samu daga gare ka, ita ma tambayar inda na ajiye makullin akwatin kayan aiki ce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Garin nan babu iri. Bara ba mu ɗaure ko dami ɗaya ba, abin da aka ware don shuka kuma an cinye shi tun kafin sanyi ya fita. Gida talatin da ɗaya muke a unguwarmu, ba wanda zai nuna maka tiya guda ta gero. Yayata Barira ta aiko daga Maijirgi cewa tana da buhu biyar na gero mai nuna da wuri, a ɓoye. Ta ce namu ne, amma ba za ta sake su ba sai ranar da rediyo ta faɗi ruwa ya sauka a Tchaké. Na ji haushi, amma da gaskiyarta. In suka iso yau, jibi sun zama fura.

To, ka san ƙasarmu rairayi ce. In ruwa ya sauka, kwana biyu take riƙe laima, na uku sai rabo. Jakuna sun mutu, waɗanda suka rage ba su iya ɗaukar kansu ma. Manyan motoci duk soja sun kwashe suna jigilar abincin taimako, motar kasuwa kuma sai ranar kasuwa take zuwa. Abin da ya rage mana shi ne jar motar tseren nan da wani Nasara ya bar mini lokacin da ƙafarta ta karye masa a bakin gari, wadda ke kwance a bayan gareji. Ita kaɗai za ta ratsa yashin nan a wuni ɗaya.

Ka tashe ta. Ka cire kujera ta biyu da duk tarkacen baya don buhuna su samu wuri. Ka canza mai, ka wanke buji masu kunna wutar inji, ka duba igiyar da ke juya kwampireso. Abu ɗaya kuma: akwai wata 'yar ƙofa a gefen kwampireson, mai hannun ƙarfe da ke motsi in an taka mota. Kar ka taɓa ta.

Kawunka,
Gazali

*

Tasawa, 21 ga Afrilu 1985

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Mu lafiya lau, sai dai ƙaramar, Rakiya, ta yi ƙyanda, amma ta tashi. Inna ta ce in gaya maka ba ta manta da kai ba, kai ne ba ka da sauƙin tunawa a ji daɗi.

Mota ta tashi. Kwana tara na yi a kanta, ranar da ta yi kuka mutanen kasuwa sai da suka leƙo. Na tuƙa ta har Maijirgi na gaida Inna Barira. Na ce ta nuna mini buhunan don in san girmansu, sai ta ce: «Ba ni nuna ma kowa. Kai ma yunwa gare ka, ga ta nan ga idonka. Ruwa shi sauka tukun, ka taho, in ba ka.» Ko ruwan sha ban ƙarasa ba ta sallame ni.

Yanzu maganar 'yar ƙofar nan. Ban taɓa ta ba, amma na zauna na dube ta. Shi kwampireso na gane aikinsa: zugazugin maƙeri ne, yana hura wa inji iska don wuta ta ƙara ci. To amma Kawu, ƙofar nan a buɗe take kusan kullum. In mota tana tsaye, a buɗe. In ana tafiya sannu, a buɗe. Iskar da ya sha wahala ya tara sai ta bi ta nan ta zagaya ta koma inda ta fito, kana jin hucinta. Ba ta rufewa sai an taka har ƙasa.

Ni a ganina yoyo ne. Shekarar da mata ke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, ga inji yana zubar da abin da ya tara. In na rufe ta gaba ɗaya, ai duk iskar za ta shiga inda ake son ta, mota ta ja buhu biyar a yashi ba tare da ta numfasa ba. Mene ne amfanin barinta a buɗe? Ka faɗa mini dalili.

Ɗanka,
Cindo

*

Tchaké, 8 ga Mayu 1985

Cindo,

Mun gode Allah da Rakiya ta tashi. Mu nan zafi ne da jiran hadari.

Na ce kar ka taɓa ta. Wane sashe ne na maganar ya yi maka tsauri? Allah ya ba ka yatsa shida a hannu ɗaya, shi ya sa ba ka iya ganin abu ka bar shi ya zauna lafiya. Mutanen da suka ƙera motar nan ba a gindin bishiyar bedi suka koyi aiki ba, balle ka ce kai ne za ka gano musu yoyo.

Tun yaushe ka fara tambayata dalili? Ni da na yi shekara goma sha huɗu a hannun maigidana a Maraɗi, ban taɓa buɗe baki na ce masa don me ba. In ya ce ɗaure, in ɗaure. In ya ce bari, in bari. Ga shi ban mutu ba.

Ka bar ƙofar yadda take. Ka kasa kunne ga rediyo kullum da safe. Shi ke nan aikinka.

Gazali

*

Tasawa, 26 ga Mayu 1985

Kawu,

Barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibada. Kowa lafiya.

Na karanta takardarka sau uku, kowane karo raina ya fi ɓaci. Shekarata talatin da huɗu. Ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara biyu ina riƙe da garejin nan ni kaɗai, ba mota ɗaya da ta dawo da ƙorafi, amma har yau ina nan a wurinka kamar ranar da Inna ta kawo ni da wando ɗaya.

Shekara goma sha biyu na yi a ƙarƙashinka. Ka tuna ko sau ɗaya ka taɓa zaunar da ni ka ce, Cindo, ga yadda abin nan yake aiki? «Miƙo.» «Riƙe.» «Kauce ka tare mini haske.» Abin da na sani duk da ido na sace shi, ina leƙe ta bayan kafaɗarka. In na yi tambaya ka ce in je in share gareji. In mai mota ya yaba aiki, naka ne. In ƙusa ta ɓata, tawa ce. Ban taɓa faɗa ba don kunya da girman zumunci, amma yau da azumi a bakina na faɗa, kuma ba ƙarya a ciki.

To, bari ka ji. Na ɗaure ƙofar. Na ja hannun ƙarfen har ta rufe ruf, na kama shi da waya. Na cika buhu biyar da yashi na loda, na nufi tudun nan na hanyar Mayahi inda manyan motoci ke kafewa. Kawu, ko gezau. Ƙafa kaɗan na ɗora ta haye kamar ba komai a bayanta. Da kana wurin da ka ji kunyar abin da ka rubuto.

Isansi kam, wato fetur, sai abin da aka samu. Tun da aka rufe iyaka ba ya shigowa sai a ɓoye, a kwalabe, kana shinshinawa ka ji kananzir a ciki. Na tara jarka huɗu. In na taka sosai nakan ji wata 'yar ƙara a cikin inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, amma buji ne, zan sake wanke su.

In kana da dalili, ka rubuto shi kamar kana magana da mutum, zan kwance. In kuwa «na ce» ne kawai, waya tana nan inda na sa ta.

Cindo

*

Tchaké, 2 ga Yuni 1985

Cindo,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Takardarka ta iso yau da hantsi, ina gama karantawa na ɗauki alƙalami.

Maza ka kwance wayar nan. Ƙarar da kake ji ba buji ba ce, wawa, injin ne ke cin kansa.

Kana son dalili, to buɗe kunnenka. Iskar da aka matse zafi take yi. Ka taɓa bututun bayan tafiya ka ji. Ƙofar nan an yi ta ne don inji ya huta: in ba a buƙatar ƙarfi, iska ta zagaya, kwampireso ya juya a sake, komai ya huce. In ana hawan tudu ta rufe, ya ba da ƙarfinsa na ɗan lokaci, sannan ta sake buɗewa. Kai yanzu ka hana shi hutu. Ka taɓa ganin maƙerin da ke zuga tun safe har la'asar bai ɗaga hannu ba? Ƙarfen narkewa zai yi.

Na biyu, wanda ya fi muni. Motar nan an yi ta don isansi mai kyau. Wanda aka gauraya da kananzir ba ya jiran buji ya kunna shi. In ya haɗu da iska mai zafi da matsi, da kansa yake fashewa tun piston, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, bai iso sama ba, sai ya doke shi a ka. Wannan dukan ne tsakuwar da kake ji. Tudu ɗaya ka hau da sanyin safiya kake yi mini alfahari. Tsakanin Maijirgi da nan tudu nawa ne? Ga kaya, ga rana tsaka.

Da irin isansin da ke hannunka, ba rufe ƙofar ya kamata ba, ƙara buɗe ta ya kamata. Akwai 'yar ƙusa mai zare da hannun ƙarfen ke tsayawa a kanta in ya rufe. Ka murɗo ta waje har ƙofar ta kasa rufewa duka, ta bar kafa kaurin tsinken ashana. Mota za ta rage ƙarfi, za ka hau tudu a hankali kana zagina, amma za ka iso. Ga zane nan a bayan takarda, na sa kibiya a duk inda iska ke bi, na zagaye ƙusar.

Sauran maganganun da ka faɗa mini, na ajiye su. Za mu yi su ido da ido, kuma ba za ka ji daɗi ba. Yanzu dai gida talatin da ɗaya ne ke rataye a wuyan wayarka.

Na ba Yahaya direban motar kasuwa, ya rantse zai sa ta a hannunka jibi.

Gazali

*

Tasawa, 2 ga Yuli 1985

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarku ba.

Takardarka ta 2 ga Yuni shekaranjiya ta shigo hannuna. Yahaya ya kawo ta da hatimi biyu a kanta. Ya ce a wani shinge masu kaki suka buɗe, suka ga bututu da kibiyoyi da abin da aka zagaye, suka ce wannan ba zanen mota ba ne. Sun tsare shi rabin wuni, takarda kuma suka aika da ita wani ofishin hukuma a duba. Mako huɗu tana can. Ni kuwa kullum ina jiran amsarka, da na ji shiru sai na ce girman kai ne ya hana ka, ba ka da abin faɗa.

Ranar Talata bayan Salla, da safe, rediyo ta ce ruwa ya sauka milimita talatin da biyu a Tchaké. Kafin mai karantawa ya kai gari na gaba na tashi mota. Inna Barira na tarar da ita a ƙofar gida, ta riga ta sa an fito da buhunan daga ƙarƙashin gadonta. Ta dafa su ɗaya bayan ɗaya ta ce: «Shekara ukku ina kwana bisa su. Jikokina sun yi kukan yunwa gabana, ban kwance ko guda ba. Ka kai su, kar ka tsaya ko gaisuwa.»

Ban tsaya ba. Har Kanan Bakashe mota tana tafiya kamar za ta tashi sama, ina ta raya yadda zan shigo garinku in ga fuskarka. Da rana ta take, ƙarar tsakuwar nan ta ƙi yin shiru. Allurar da ke nuna zafin inji ta hau. Na ce saura kaɗan in kai Mayahi in ba ta ruwa. A tsakiyar wani tudu ta yi wata irin ƙara, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu. Da na cire buji na uku, narkakken ƙarfe ne a bakinsa. Piston ya huje.

Ba zan iya barin buhunan in tafi neman taimako ba, ka san halin da mutane ke ciki. Wuni biyu ina zaune a kansu, ina tona ƙasa da hannu ina jin laima tana gudu. Sai ranar Alhamis da la'asar wani Buzu mai suna Abdulmumini ya biyo da raƙuma uku, ƙashi da fata. Ya ce ya san ka, ka taɓa gyara masa injin niƙa. Ya yarda ya kai. Na san sai Asabar suka iso, na kuma san abin da ƙasa ta zama ranar Asabar.

Ban biyo shi ba. Na ce zan tsare mota ne, amma ƙarya nake, fuskarka ce ba na iya kallo. A tudun na bar ta na dawo gida.

Laifina ne, na ɗauka. Amma wallahi Kawu ba zan ɗauka ni kaɗai ba. Na karanta takardarka a tsaye a bakin gareji, ban kai ƙarshe ba na gane komai. Layi ashirin! Abin da ya fi ƙarfinka tun Afrilu ke nan. Na tambaye ka da ladabi, ka ce mini yatsa shida. Da a takardar 8 ga Mayu ka rubuta rabin wannan, ba zane, ba kibiya, ba wanda zai tare ta a hanya, da ni da kaina na murɗo ƙusar nan. Ka iya bayani ashe. Ka iya shi sarai. Shekara goma sha biyu kana da shi a baki kana kallona ina lalube.

Ga wayar nan na yanko ta da ɗaurinta na sa maka a cikin takarda. Ka ajiye ta, ta mu biyu ce.

Cindo

*

Tchaké, 23 ga Yuli 1985

Cindo,

Muna nan da rai. Ka gaida Maimuna da yara, ka ce wa Safi ina gaishe ta.

Tun da ba ka da ƙarfin halin zuwa ka gani da idonka, bari in gaya maka. Abdulmumini ya iso Asabar da azahar. Na sa aka tona gona har tsawon hannu, ƙasa ta bushe ƙamas. Muka tara buhunan a ɗakina muka ce a jira ruwa na biyu. Kwana goma sha shida bai zo ba.

Abin da Yaya Barira ta yi shekara uku tana yi, ni ban iya shi mako biyu ba. A rana ta shida matar maƙwabcina Mumuni ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da yaro a kafaɗa, wuyansa ba ya tsayawa. Na kwance buhu. Da aka ji an kwance ɗaya, ka san sauran. Biyu suka tafi a turmi. Ni ma na sha, kar ka ce wasu nake zargi. An dama an miƙo mini, na san iri ne, na shanye har na lashe ludayi.

Ruwa ya dawo ranar sha biyar ga wata. Buhu uku muka raba, gida ashirin suka shuka, ba kowa ne ya cika gonarsa ba. Gida goma sha ɗaya ba su samu ko ƙwaya ba. Mumuni ya rufe ɗakinsa da ƙaya ya yi kudu da iyalinsa. Ko wanda aka shuka zai nuna kafin ruwa ya ɗauke, Allah ne masani. Yaya Barira ban rubuta mata ba tukuna. Kai za ka je ka faɗa mata rabonka, ni in faɗa mata nawa.

Har yanzu ina jin haushinka, kar ka yi zaton ya huce. An ce maka bari, ka ƙi. Inji ya yi ta kuka a kunnenka wata guda, ka ce buji ne. Wannan ba ni na yi maka shi ba.

Amma takardarka ta hana ni sakat. Na so in yage ta. Na ce yaron nan ya raina ni, ni ma ai haka aka koya mini. Sai na tuna ban taɓa gaya maka yadda na san ciwon nan ba. Injin wani Alhaji na narke a Maraɗi ina da shekara ashirin da biyar, maigidana yana kallo ina yin kuskuren, bai ce uffan ba sai da hayaƙi ya tashi, sannan ya mare ni. Na tsane shi shekara da shekaru. Ban san lokacin da na zama shi ba.

In Yahaya zai zo kasuwa mai zuwa, ka biyo shi ka ɗauke ni. A jawo motar nan zuwa gareji, a sauke injin. Ni zan zauna a kan benci, kai ka riƙe kayan aiki. Ka sayo littafi mai kauri da alƙalami. Duk abin da ka tambaya zan amsa, ko da zagi zan haɗa.

Wayar kuma na gan ta. Na daɗe ina juya ta a hannu. Murɗi uku ne daidai, an lanƙwasa bakin ya koma ciki don kar ya yanki yatsan wanda zai zo bayanka. Ba mai ɗaurin nan a duk ƙasar Tasawa sai ni. Aikin ya yi kyau, Cindo, kilomita sittin a yashi bai saki ba. Shekara goma sha biyu, shi kaɗai na koya maka.

Kawunka,
Gazali